Allurar Rigakafin Nimoniya ga Manya: Haƙƙin Dattawanmu da Aka Bari a Baya

Laccar da aka gabatar a garin Ƙanƙara, gaban taron al'ummar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a farkon hunturu

 

   Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga waɗanda suka taso tun da sassafe daga Sabuwa, da Faskari, da Yankara, da Sheme, da Mairuwa, da Ketare. Kowa ya san abin da hawa hanya yake nufi a wannan yanki namu. Allah ya mayar da ku gida lafiya, ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa.

An nemi in yi magana a kan allurar rigakafin cutar nimoniya ga manya. Na san akwai wanda yake zaune a nan yana cewa a ransa: mutanen da ke fama da rashin tsaro da tsadar hatsi, su ne za a tara a yi musu zancen allura? Kuma allurar ma ta manya? Ba yara ake yi wa rigakafi ba? Wannan tambaya tana kan hanya, kuma amsarta ita ce dalilin tsayuwata a gabanku. Mutumin da asibiti ke bayan gidansa yana iya jira ciwo ya zo sannan ya nemi magani. Wanda tsakaninsa da likita akwai tafiyar sa'o'i, a kan hanyar da ba a bi bayan magariba, shi ya fi kowa bukatar abin da zai tare ciwon tun bai shigo ba. Zan kasa maganar gida shida.

Na farko: cutar kanta

Nimoniya, ko sanyin haƙarƙari, ciwo ne na huhu. A cikin huhu akwai 'yan ƙananan jakunkunan iska, miliyoyinsu, ta nan ne iskar da muka shaƙa take ratsawa cikin jini. Idan ƙwayar cuta ta gangara can ta hayayyafa, sai jakunkunan su cika da ruwa da mugunya. Mutum yana ta jan numfashi, amma iskar ba ta samun wurin shiga.

Ƙwayoyin da ke kawo ta suna da yawa, amma uwa-uba ita ce wadda likitoci ke kira numokokas. Tun shekarar 1881 aka gano ta, Louis Pasteur a Faransa da George Sternberg a Amurka, kowa a wurin aikinsa. Abin da ya kamata ku riƙe game da ita shi ne, ba daga nesa take zuwa ba. Tana zaune a can bayan hanci da maƙogwaron mutane masu lafiya, musamman ƙananan yara, ba ta yi musu komai. A binciken da aka yi a Kumbotso ta Jihar Kano, an same ta a hancin mafi yawan mutanen da aka gwada. Jira take yi jiki ya yi rauni: mura ta kwantar da mutum, ko ƙura ta ƙeƙashe masa hanci, ko yunwa ta cinye shi, ko shekaru su ja.

Mun taso muna jin cewa shan ruwan sanyi ne ke kawo ta, ko kwana ƙarƙashin fanka, ko wankan asuba. Ruwan sanyi ba ya haifar da ƙwayar cuta. Amma iyayenmu ba su yi kuskure ba da suka lura cewa ciwon ya fi yawa da hunturu. Iskar hunturu busasshiya ce, cike da ƙura, tana tsattsage fatar cikin hanci. Sannan a lokacin ne muke cunkushewa a ɗaki ɗaya, a toshe taga, a rufe ƙofa, a ajiye kaskon garwashi a tsakiya. Mutum ɗaya ya yi tari, kowa ya shaƙa.

Bari in zana muku yadda take zuwa wa babba, don na tabbata da yawanku kun gani da idonku. Dattijo ne ya dawo daga masallacin asuba yana rawar ɗari, haƙoransa na haɗuwa. A rufa masa bargo, a ce zazzaɓin sauro ne, a aika yaro kemis. Washegari ya fara dafe gefen ƙirjinsa, ya ce kamar ana soka masa mashi duk lokacin da ya ja numfashi. A shafa man zafi, a kira wanzami ya yi ƙaho. Kaki ya fara fita mai launin tsatsa, a tofa a gwangwani a zuba toka a kai, ba wanda ya duba. Kwana uku, huɗu, ya daina cin tuwo, kunu ma sai da lallashi. Sai ya fara sambatu, yana kiran sunan ƙanensa da ya rasu tun shekaru, bai gane matarsa ba. Mata su ce iska ce, maza su ce jikin tsufa ne. Lokacin da aka yanke shawarar neman mota, rana ta faɗi. Wa zai fito da motarsa? Sai a ce a bari gari ya waye. Da yawa gari ba ya waye musu.

Wannan ruɗewa da sambatu, jama'a, alama ce ta cewa iska ba ta isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata, ko cutar ta shiga jini. Tsoho yana iya kamuwa da nimoniya mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba sam, ruɗewar ce kaɗai alama. Kuma akwai gwajin da kowa zai iya yi ba tare da na'ura ba: ku ɗauki agogo ko waya, ku kalli ƙirjinsa, ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Babba mai lafiya yana yin 12 zuwa 20. Idan ya kai 30, kada a jira la'asar.

A shekarar 2019, ƙiyasin masana ya nuna mutum kusan miliyan biyu da rabi ne wannan ciwo ya kashe a duniya, kuma sama da miliyan ɗaya daga cikinsu 'yan shekara 70 ne zuwa sama. Mun fi jin labarin yara, kuma da dalili, don UNICEF ta ƙiyasta cewa yara 162,000 'yan ƙasa da shekara biyar ne nimoniya ta kashe a Najeriya a 2018, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Amma dattijon da ya rasu a ɗakinsa a ƙauye, aka yi masa sutura kafin azahar, a wane littafi aka rubuta abin da ya kashe shi?

Ƙwayar ba a huhu kaɗai take tsayawa ba. Tana hawa ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau, kuma nata sanƙarau ya fi wanda muka saba gani da bazara kisa. Nan kusa da mu aka tabbatar da haka. A shekarun 1970, Brian Greenwood da abokan aikinsa a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun bi diddigin masu wannan nau'in sanƙarau, suka ga kusan rabinsu na rasuwa duk da an kai su asibiti an ba su magani.

Na biyu: su wa ta fi kayarwa a cikinmu?

Masu shekaru su ne kan gaba. A Ingila ana yi wa mutum allurar idan ya kai 65. A Amurka ma haka abin yake a da, amma a watan Oktoba na 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta sauko da shekarun zuwa 50. To, idan ɗan shekara 50 a ƙasar da ake ƙoshi ana ganin yana bukata, ina ga manomin da ya yi shekara arba'in yana sunkuye a kan fartanya?

Sai masu sikila, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu wannan ciwo. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi kowace shekara. Saifa ce gaɓar da ke tace wannan ƙwaya daga cikin jini, kuma sikila tana lalata saifa tun ana ƙuruciya. Don haka saurayi ko budurwa mai sikila, wanda iyaye suka yi ta fama har ya kai shekara ashirin, numokokas na iya kayar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Mafi yawan manyan masu sikila da ke cikinmu an haife su ne kafin a fara yi wa jarirai wannan allura a ƙasar nan, ba su taɓa samun ta ba. Haka duk wanda aka cire wa saifa bayan haɗarin mota ko harbi.

Akwai masu ciwon sukari, da ciwon zuciya, da ciwon ƙoda, da ciwon hanta, da asma, da masu cutar ƙanjamau, da waɗanda ke shan maganin daji. Akwai masu shan taba da shisha, kuma ina kallon ɓangaren matasa da nake faɗin haka.

Sannan akwai abin da ya shafi irin rayuwarmu a nan. Uwarmu da ta shekara talatin tana hura itace a madafin da ba taga, idanunta na hawaye, huhunta ya sha hayaƙin da ya isa a lissafa ta da masu shan taba, alhali ba ta taɓa riƙe kara ɗaya ba. Masu haƙar farar ƙasa da masu niƙa ta a nan Ƙanƙara, waɗanda ke tashi aiki fari fat tun daga gira har ƙafa, abin da ya zauna a fuskarsu shi ya zauna a ƙirjinsu. Masu injin casar masara da sussukar dawa da kaka, haka. Sai kuma abin da ya fi ci mini rai: mutanenmu da aka kora daga ƙauyukansu suka tare a cikin gari, mutum goma sha a ɗaki ɗaya, da waɗanda suka sha kwana a daji cikin raɓa da sanyi don gudun abin da dare zai kawo. Tsohuwar da ta kwana a gindin kalgo da zani ɗaya, ta tashi ba karin kumallo, wane ƙarfi ya rage mata na yaƙi da cuta? Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomin nan uku da maƙwabtansu. A irin wannan hali ko kiran mai mota ba ya yiwuwa.

Na uku: allurar, abin da take yi da abin da ba ta yi

Wannan ƙwaya tana sanye da wata riga mai santsi wadda ke hana sojojin jiki kama ta. Rigunan kuma iri-iri ne, an ƙirga kusan ɗari. Abin da allurar ke ɗauke da shi shi ne ƙyallen waɗannan riguna, babu ƙwaya mai rai a ciki, don haka ba ta iya sa wa mutum ciwon. Kamar a tara 'yan sintiri ne a nuna musu irin tufafin da ɓarawo ke sawa; ran da ya shigo gari, tun daga bakin ƙofa za a gane shi. Lambar da kuke gani a jikin sunan allurar, 10 ko 13 ko 20 ko 23, yawan irin rigunan da ke cikinta ne.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: a kan manya aka fara wannan allura, kuma a Afirka. A 1911 aka fara gwada ta a kan ma'aikatan haƙar zinariya a Afirka ta Kudu, ƙarti majiya ƙarfi da nimoniya ke kashewa a barikokin da aka cunkusa su. Da maganin fenisilin ya bayyana sai aka yi watsi da zancen, aka ɗauka an gama da cutar. Wani likita a Amurka, Robert Austrian, shi ya nace cewa mutane na ci gaba da mutuwa duk da maganin, ya koma kan aikin, har aka amince da mai iri 14 a 1977, sannan mai iri 23 a 1983. Ta jarirai sai a shekarar 2000 ta fito. A 2021 aka samu mai iri 15 da mai iri 20, a 2024 kuma mai iri 21.

Tana aiki? An yi babban gwaji a ƙasar Holan a kan dattawa kusan 85,000 'yan shekara 65 zuwa sama, aka fitar da sakamako a 2015. Allura mai iri 13 ta rage nimoniyar da waɗannan ire-iren ke kawowa da kashi 45 cikin ɗari, ta kuma rage mai tsanani, wadda ke shiga jini ko ƙwaƙwalwa, da kashi 75. A Malawi, gwajin da aka buga a 2010 a kan manya waɗanda akasarinsu ke da cutar ƙanjamau ya nuna raguwar kashi 74 na sake kamuwa da mai tsananin. Amma a Yuganda, tsohuwar mai iri 23 ita kaɗai ba ta kare masu ƙanjamau ba. Shi ya sa ba a zaɓar allura da ka, sai an tambayi likita.

Ga wani abu da nake so ma'aikatan lafiya su rubuta. Girman lamba ba shi ne dacewa ba. A Afirka ta Yamma, iri na 1 da iri na 5 suna cikin waɗanda suka fi yi mana ɓarna, kuma iri na 1 ne ya jawo annobar sanƙarau a tsakiyar Ghana daga ƙarshen 2015 zuwa 2016, wadda ta fi kama manyan yara da manya. Mai iri 10, da 13, da 15, da 20, da 23, duk suna ɗauke da waɗannan biyun. Sabuwar mai iri 21 ba ta da su, don an tsara ta ne bisa ire-iren da ke damun dattawan Amurka. Wanda ɗansa zai aiko masa daga waje, ya san wannan.

Yadda ake yi ba wuya. Mai iri 20 sau ɗaya ake yin ta a dantse, shi ke nan. Idan mai iri 13 ko 15 aka samu, ana bin ta da mai iri 23 bayan shekara guda, ko bayan mako takwas ga wanda garkuwar jikinsa ke da rauni. Wurin yana iya yin tsami, jiki ya ɗan yi ɗumi kwana ɗaya ko biyu. Wanda ke kwance da zazzaɓi mai zafi ya bari ya warke tukuna, wanda kuma wata allura ta taɓa kumbura masa fuska ko ta toshe masa numfashi ya faɗa kafin a yi masa. Jiki yana bukatar mako biyu zuwa uku kafin kariyar ta kankama, don haka tun kaka ya kamata a yi, kafin hazo ya sauko.

Sai dai ba zan ɓoye muku ba: ba kowace nimoniya take hanawa ba. Akwai wadda ƙwayar mura ke kawowa, akwai ta korona, akwai tarin tibi. Wanda aka yi wa allura ya ga alamomin da na lissafa, asibiti zai nufa. Wanda ya yi mako biyu yana tari, ya je a gwada kakinsa. Gwajin tibi da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Na huɗu: shakkun da ke zukatanmu

Ba zan tsallake wannan ba, don in na tsallake za ku tattauna shi a hanyar komawa gida ba tare da ni ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. An yi shari'a, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan ya faru, kuma yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 har zuwa tsakiyar 2004. Kuma gara ku ji daga bakina: mai iri 13 da mai iri 20 da nake magana, wannan kamfani ne ke yin su.

To me ya bambanta? Wancan sabon magani ne da ake gwadawa. Wannan kuwa allura ce da aka shafe sama da shekara ashirin ana yi wa ɗaruruwan miliyoyin mutane. Turawa na yi wa 'ya'yansu da iyayensu, har suna biyan kuɗi mai yawa. Saudiyya na yi wa jariranta. Kuma ba kamfani ɗaya ke yi ba: akwai GSK, akwai Merck, akwai Serum Institute na Indiya wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tasa a ƙarshen 2019. Masu cewa allura na hana haihuwa kuma, su dubi yaran da aka ɗiga wa maganin shan inna shekara ashirin da suka wuce. Ba su ne yau ke goye da nasu 'ya'yan a layin awo ba? A ranar 25 ga Agusta, 2020, aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Allurar manya ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Matanmu masu juna biyu na karɓar ta tsinkau-tsinkau a wurin awo. A ƙarshen 2011 Katsina na cikin jihohin farko da aka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29 sabuwar allurar sanƙarau. Kowane alhaji da hajiya a nan sun miƙa dantse kafin su hau jirgi, don Saudiyya ba ta karɓar maniyyaci sai da shaidar rigakafin sanƙarau. Ta fuskar addini kuwa, ga malamai zaune, sun fi ni sani. Sun karantar da mu cewa an umarce mu da neman magani, kuma Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, bai ga hakan ya saɓa wa tawakkali ba.

Na biyar: ina za a same ta?

Nan ne maganar ke da ɗaci. Najeriya ta sa allurar nimoniya cikin rigakafin yara tun Disamba 2014, aka bi jihohi rukuni-rukuni har ta game ƙasa. Ana yi wa jariri a mako 6, da mako 10, da mako 14, kyauta. Amma ta manya ba ta cikin tsarin gwamnati. Wanda ke so sai ya saya, kuma tana da tsada, kuma an fi samun ta a manyan birane irin su Kano da Kaduna da Abuja. Wanda ke zuwa ganin likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ya tambayi likitansa kai tsaye: ina cikin masu bukatar wannan allura? Wacce ta dace da ni? A ina zan samu sahihiya?

Ina jaddada kalmar sahihiya. Allurar nan a firji take rayuwa, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Zafi yana kashe ta, daskarewa ma tana kashe ta. Wadda aka ɗauko a aljihu daga Kano cikin motar haya, ko aka ajiye a shagon da wuta ke zuwa sau ɗaya a mako, tana iya zama ruwa kawai aka tsira maka. A duba lambar NAFDAC, a duba ranar lalacewa, a karɓi kati mai ɗauke da sunan allurar da ranar da aka yi.

Wanda ba shi da halin saya fa, kuma su ne mafi yawanmu? Akwai kariyar da ke hannunsa yau, ba ko kwabo. Na ce muku yara ne ke ɗauke da ƙwayar a hanci. A gidan Bahaushe, wa ke kwana da yaron da aka yaye? Kaka. Wa ke share masa majina da gefen zaninta, ta ci abinci kwano ɗaya da shi? Kaka. Daga hancin jika take zuwa ƙirjin kaka. Allurar yara tana rage zaman ƙwayar a hancinsu, sai ta rasa hanyar isa ga manya. An ga haka a Amurka bayan 2000, inda ciwon ya ragu a cikin tsofaffin da ba a yi wa komai ba. An gani a Kilifi ta Kenya bayan 2011. An gani a Kumbotso. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a fara tsayar da na yara da ƙafafunsa. Don haka, Baba, idan ka hana a kai jikanka rigakafi, ba shi kaɗai ka bari a fili ba, har da kanka. Iya, ke ce ake jin maganarki a cikin gida. Ki tambayi surukarki katin yaron, ki ga ko an cika uku ɗin nan.

Na shida: roƙona

Ga gwamnatin jiha da hukumar kula da lafiya a matakin farko: ba na cewa a yi wa kowane babba a Katsina gobe, na san nauyin aljihu. A fara da waɗanda sunayensu ke rubuce a asibiti tuni, wato masu sikila, da masu ƙanjamau, da masu wankin ƙoda, da waɗanda aka cire wa saifa. Firjin hasken rana da ke ajiye allurar yara shi zai ajiye tasu. Hukumar inshorar lafiya ta jiha, KATCHMA, ta duba yiwuwar sa ta cikin abin da take biya wa masu rajista.

Ga ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, da 'yan majalisar jiha, da shugabannin ƙananan hukumomi: cikin ayyukan mazaɓa a sa wannan. A kuma tabbatar kowace cibiyar lafiya tana da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ta auna iskar jini. Ba ta da tsada, kuma idan ta nuna ƙasa da 90 ma'aikaci ya san mara lafiya na bukatar iskar oksijin yanzu. A samar da iskar a manyan asibitocinmu, don kada a riƙa tura mai haki Funtuwa ko Katsina.

Ga Hukumar Jin Daɗin Alhazai: nimoniya na kan gaba cikin abin da ke kwantar da alhazai a asibitocin Makka da Madina, kuma yawancin maniyyatanmu dattawa ne. A riƙa gaya musu a wurin bita, tun da sauran lokaci. Wanda Allah ya hore wa kuɗin kujera ba zai gaza kuɗin allura ba.

Ga 'ya'yanmu da ke aiki a birni, masu aiko da kayan azumi da ragon layya, Allah ya saka muku. Ran da kuka ɗauko Baba ko Inna zuwa birni ganin likita, ku ƙara wannan a cikin hidimar. Masu hali kuma su tuna da marayu masu sikila a unguwanninsu. Limamai su taimaka mana da minti biyu bayan sallar Juma'a, musamman a makon 12 ga Nuwamba, ranar da duniya ta keɓe wa wannan cuta tun 2010. A cikin gida kuma, a buɗe wa madafi taga, a fitar da kaskon wuta kafin a kwanta, masu aikin ƙura su rufe hanci da baki.

Shugaban taro, a nan zan dakata.  Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na gaza ya yafe mini. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu a miƙa masa lasifika, kuma ina roƙon a fara da ɓangaren mata. Wanda tambayarsa ta shafi ciwon da ba ya son faɗa a bainar jama'a, ya rubuta a takarda ba suna, ko ya same ni a bakin ƙofa bayan an yi addu'a.